Kowane Gida Bugu Ɗaya

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka irin gaisuwar da ka koya mini, a tsaye, hannu a gefe, ba sosa ƙeya. Ya makwanci? Allah Ya sa da sanyi a inda kake. Na san takardar nan ba za ta iske ka ba. Ko kana raye ma, da miƙo mini ita za ka yi ka ce in karanta maka, don idonka bai taɓa shiri da rubutun boko ba in ba lamba ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai ka, ban taɓa zama na rubuta maka ko layi ɗaya ba. Yau dole ce ta sa.

Akwai wata mata a ɗakinka, Baba. Sunanta Rakiya. Mijinta ya mutu kwana huɗu da suka wuce, ita kuwa ba ta sani ba. Jiya ma na ga matata Binta tana ɗaura mata lalle a ƙafa, don tana sa ran isowarsa ko yau ko gobe. Gawarsa na mutuware babu suna, an kuma ce in jibi ta yi ba wanda ya zo nema, hukuma za ta haƙa rami ta rufe. Duk unguwar nan ni na fara gane ko wane ne. Na san yadda ya mutu, don da hannuna a ciki. In na yi shiru, za a binne bawan Allah kamar ba shi da kowa, matarsa ta ci gaba da kwalliya a kwanakin da ya kamata tana takaba. In na buɗe baki, na ɗaure unguwar da ka kafa gaba ɗayanta, da ni, da jikanka. Shi ya sa na zo gare ka, tunda kai ka fara abin nan.

Bari dai in ba ka labarin gida tukuna, kada ka ce ban da ladabi. Inna na nan. Ido ya tafi amma baki na nan daram, daga kan tabarma take gane tuwon da bai ji wuta ba. A cikin abokanka da kuka dawo tare, Kofur Mani kaɗai ya rage. Haƙori ɗaya gare shi, sai an kama shi yake tashi, amma har yau in aka wuce da shi ta ƙofarmu sai ya ɗaga hannu ya sara. Mai sunanka, ɗana Abba, ya yi aure har da ɗiya, yana kabu-kabu da babur, kuma zuciyarka ce ya ɗauko ba ragi. Ni ina nan a shagona na Babbar Kasuwa kan keken ɗinki, baya ya fara sunkuyawa.

Ka tuna yadda kake ba mu labarin unguwar nan, kamar kai ka haƙa ƙasar da farcenka? Da aka gama yaƙin basasa kuka dawo, cikin gari ba wurin da zai ɗauke ku. Gidan gado ya cika, ku kuma kun saba da tsawa, 'yan'uwa sun saba da lallashi. Sai hukuma ta yanka muku fili bayan ganuwa, can gaba da Ƙofar Marusa, inda a da gonakin gero ne. Aka gina gidaje iri ɗaya sak, ciki biyu da falo, rufin kwano, fenti ruwan ɗorawa, an jera su layi-layi kamar sojoji sun fito fareti. Daga nan sunan Unguwar Sahu ya samo asali. Mutanen cikin gari suka sa mu gaba da ba'a, wai 'yan bariki masu gida ba zaure. Mahaifinka ya yi shekara bai tako ba. Cewa yake gidan da baƙo zai yi sallama ta faɗa kan tukunyar matar gida, ba gida ba ne.

Kai kuwa ko a jikinka. Da igiya ka auna inda za a dasa kowace bishiyar bedi, taku goma tsakanin wannan da waccan. Kai ka rubuta lamba a kowace ƙofa da baƙin fenti. Ranar Asabar kowa ya fito shara, kana bin kwata kana leƙawa da sanda a hammata, manyan mutane masu gemu suna ɓoye maka kamar ɗalibai. Ana kiranka Saje har liman. Ina son unguwar nan, Baba, ban taɓa ɓoyewa ba. Katangunmu gajeru ne, ta sama ake miƙa kwanon miya. Akwai Babarbare, akwai Banufe, akwai wanda ya zo daga kudancin Zariya yana zuwa coci ranar Lahadi, duk yaƙi ya haɗa ku kuka ƙi rabuwa. Yaron da ya yi laifi a sahu na ɗaya, kafin ya iso sahu na huɗu ya sha faɗa a bakin iyaye goma. Mace ba ta taɓa haihuwa ita kaɗai a nan ba.

Amma ba bishiya da shara kaɗai ka bar mana ba. A lokacin ba caji ofis kusa, ɓarayin awaki kuma sun mai da mu gonarsu. Sai ka samo wilin babbar mota ka rataya a bedin ƙofar masallaci, gudumar bugawa kuma ka ajiye bayan ƙyauren gidanmu. Ka kafa doka: in ƙarfe ya yi ƙara, kowane gida ya fito da namiji ɗaya. In an kama ɓarawo, a kwantar da shi, a riƙa kiran gidaje bi da bi, kowane gida ya yi masa bulala ɗaya. Ɗaya tak, ba biyu ba. Gidan da ya ƙi, ba mai zuwa sunansu, ba mai ɗaukar gawarsu. Dalilinka shi ne abin da kowa ya sa hannu, ba mai tsayawa shaida a kansa. Mun ɗauka hikima ce. Ban taɓa tambayarka inda ka koyo ta ba, don tambaya a gidanka da bel ake amsa ta, kuma tabon ƙarfen bel ɗin nan yana kafaɗata har yau.

A zamaninka bulalar doki ce. Kana tsaye a kai, in ka ga jini ya yi yawa ka ɗaga sanda, kowa ya ja da baya, a kai mutum hannun hukuma da ƙafarsa. Sai ranar ɓarawon babur. Ka tuna? Ƙafarka mai harsashi ta kumbura, ba ka iya takawa, ni kuma ina sabon aure. Ka aike ni in sauke bugun gidanmu. Ranar ba mai ɗaga sanda, mutane kuma suka fito da gora a madadin bulala. Ga abin da ban taɓa gaya maka ba: da aka kira gidanmu, ƙasa na daka. Na ɗaga gorar sama sosai na sauke ta gefen haƙarƙarinsa, ƙasa ta tashi, kowa ya ɗauka na same shi. Mutumin ya cika kafin motar 'yan sanda ta iso. Da na dawo gida ka dafa kafaɗata, karo na farko a rayuwata, ka ce yau na zama namiji. Na karɓi yabon da ba nawa ba, na riƙe shi shekara talatin ina jin kunya. Kunyar me? Ta ƙaryar da na yi maka, ko ta kasa dukan? Wallahi har makon jiya ban san amsar ba.

'Yan sanda sun bi gida-gida a wancan karon. Kowa ya ce yana kasuwa. Magana ta mutu. Daga ranar unguwa ta gane cewa dokarka tana iya haɗiye gawa ba a ji ko ƙara ba.

Bayan tafiyarka abubuwa sun canza. Gari ya zo ya wuce mu, gonakin da ke bayanmu duk sun zama gidaje. An yi sabuwar kwalta ta ɗaya gefen, can inda muke zubar da shara a da, kuma yanzu nan motocin ƙauye ke sauke mutane. Masu hali sun ɗaga katanga sun sa get. Amma yawancin gidajen suna nan yadda ka bar su, baƙo bai iya bambanta wannan da wancan. Sai masifar 'yan bindiga ta afka wa ƙauyuka. Ba ka ga wannan ba, Baba, kuma na gode wa Allah da ba ka gani ba. Mutane suka riƙa kwararowa gari da tabarma da tukunya, suna cika kangwayen da ke bakin unguwa. A wajen famfo Binta ta tsinci Rakiya, goye da ɗiya, ƙafa duk ta fashe. Inna ce da kanta ta ce a buɗe mata ɗakin Saje, ai ɗaki ba a bar wa ƙadangaru. Mijinta, Iro, ya tsaya ƙauye don ya girbe ɗan geron da ya rage, in ya so ya biyo su. Ita kuma ta samu aikatau wajen masu hatsi a Babbar Kasuwa, ta fita da safe sai yamma.

A cikin haka 'yan bindiga suka ɗauke mai kemis na sahu na biyu a kan hanya. Ya yi wata biyu a daji, ya dawo ba kunne ɗaya, ba ya iya riƙe cokali. Aka ce wani ne ya nuna shi, wani ne ya san gidansa da lokacin fitarsa. Kalmar infoma ta shiga bakin kowa, wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto. Mai tallan ruwa infoma, mai gyaran takalmi infoma, duk wanda ya tsaya ya kalli ƙofa sau biyu infoma. Aka yi taro a ƙofar masallaci bayan Juma'a. Ni, da wayona, na miƙe na kawo shawara a shafe lambobin gidaje, don kada baƙo ya iya kwatanta gidan kowa. Aka yi ta sa mini albarka. Kofur Mani ya ce ɗan Saje ya fito. Ni na riƙe burushin, na bi ƙofa-ƙofa na shafe rubutun hannunka, ina jin kaina wani babban kwamanda.

Gab da Sallah Rakiya ta roƙe ni in ɗinka wa mijinta riga, don wadda ya rage da ita ta zama tsumma. Da taƙi ta gwada mini faɗin kafaɗarsa a iska, tana murmushi tana sunne kai. Na haɗa ragowar wata shadda ruwan toka na ɗinka. Yadin bai kai aljihu ba, sai na yanko ƙyallen atamfar Binta, koriya mai zanen kifi, na yi cikin aljihun da ita. Har dariya na yi, na ce ai ba mai leƙa aljihun manomi. Aka ba direban motar ƙauyensu rigar, da saƙon baki: in ya gama girbi ya zo Unguwar Sahu, sahu na uku, gida na bakwai. Binta ce ta faɗi kwatancen, ni kuma ina zaune na gyaɗa kai. Mu da muka haddace lambobinmu tun muna yara, ba wanda ya tuna cewa ba su a bango kuma. Ba wanda ya tuna cewa mu daga ɓangaren Ƙofar Marusa muke fara ƙirga, shi kuwa mota ta ɗaya gefen za ta ajiye shi.

Ranar Talata ce, bayan azahar, rana tana dukan kwano. Ban fita kasuwa ba saboda ciwon baya. Mata suka hango wani mutum da tsohuwar kwat ta gwanjo yana bin layi, yana nuna ƙofofi da yatsa, bakinsa na motsi. In ya kai ƙarshe ya dawo ya sake. Sau uku. Me kake so su ɗauka? Daga nan ya tura wata ƙofa. Na tabbata zaure yake nema, irin na garinsu, inda zai tsaya ya yi sallama a aiko yaro. Ka san gidajenmu. Yana turawa sai ga shi tsakiyar matan mutane, wata ko ɗankwali babu. Suka sa ihun infoma. Abba na kan layin da babur, shi ya fara cafke shi, ya ɗaure masa hannu da robar ɗaurin kaya, ya sheƙo gida ya gaya mini.

Ban tambayi komai ba, Baba. Ban ce wane ne ba, ban ce me ya ɗauka ba. Na jawo gudumar daga bayan ƙyaure, ciwon baya ya ɓace, na je na daki ƙarfen nan har hannuna ya yi tsami. Zan faɗa maka gaskiya tunda ba ka da bel a hannu: daɗi na ji. Na ga ƙofofi na buɗewa, maza na fitowa da gudu saboda ni na kira su. Na ji kamar kai ne.

Ko da na isa, yana kwance bakin kwata. An ɗauko Kofur Mani a kujera an dasa shi a inuwa, yana kiran gidaje da muryarsa mai rawa, bai tsallake ko ɗaya ba. Bulala kuwa ba ta a unguwar nan yanzu. Gora ce, da rodi, da sarƙar babur, da bulo. Mutumin yana ta magana. Na ji ya ce iyalinsa yake nema, na ji da kunnena. Wani ya ce ai kowane ɓarawo da iyali, aka yi dariya. Kafin sahu na ɗaya ya ƙare, hannunsa na dama ya karye, ƙashi ya huda kwat ɗin ya fito fari. A sahu na biyu ƙanen mai kemis ya ɗaga bulo da hannu biyu ya sauke masa a gwiwa. Ƙarar da ya yi ba ta mutum ba ce. Liman bai fito ba, amma ƙanensa ya sauke na gidansu. Malamin makaranta ya daka, mai sayar da magani ya daka, Alhajin da ya gina mana wurin alwala ya naɗe hannun babbar riga ya daka. Kowa bugu ɗaya, cikin tsari, ba turereniya. Da ka gani da ka ce horonka bai tafi a banza ba.

Aka zo sahu na uku. Aka kira gida na bakwai. Abba ya matso da gora, na tare shi da hannu na karɓe. Na gaya wa kaina wai kare shi nake yi. Ƙarya ce. Bugun nan da na zubar a ƙasa shekara talatin da suka wuce nake son in cika maka. Mutumin ya ɗago ya dube ni da ido ɗaya, ɗayan ya rufe da jini. Leɓensa na motsi. Na auna sama da kunnensa na sauke da duk ƙarfina. Ƙarar kamar an taka ƙwarya. Ƙafafunsa suka yi shure-shure, suka tsaya. Gidajen da suka rage gawa suka daka, amma sai da kowa ya daka, don doka ce.

Sannan aka shiga laluben shaida. Ana neman waya, ana neman takarda mai sunaye. A aljihun kwat aka samu ɓarin goro, da asuwaki, da takalmin roba na ƙaramar yarinya, sabo, ƙafa biyu a ɗaure da zare. Aka yage kwat ɗin aka jefar. Wani ya zura hannu a aljihun rigar ciki ya zazzago shi waje. Koriyar atamfa, Baba, mai zanen kifi. Na durƙusa na juya wuyan rigar, na ga ɗinkina, yadda nake ninka bakin sau biyu in koma a kai. Tela ba ya kasa gane aikin hannunsa. Na juya na yi amai a kwata. Mutane suka yi ta zolayata, wai ɗan Saje zuciyar mata gare shi, jini kaɗan ya tayar masa da ciki.

'Yan sanda sun zo kafin la'asar. Kowa yana kasuwa. An share wurin, an watsa yashi. Bayan salla Kofur Mani ya tunatar da jama'a cewa ba wanda ya ga komai, liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Da yamma Rakiya ta dawo da ƙaiƙayi a gashin ido. Ta ji labari a hanya cewa an kashe infoma a unguwa. Ka san abin da ta yi? Ta zo har inda nake zaune ta durƙusa ta yi mini sannu da aiki. Ta ce irinsu ne suka sayar da ƙauyensu, Allah Ya ƙara tona asirinsu. Ta kawo mini ruwa a kofi, na karɓa na sha. Kwana huɗu ke nan kullum da safe sai ta roƙe ni in biya tasha in tambayi direbobi ko sun ga Iro, don an aiko mata cewa ya taso. Kullum ina cewa to. In na je shago sai in zauna in kalli allura.

Jiya da hantsi na kasa, na je wajen Kofur Mani na gaya masa komai. Na zaci zai girgiza. Ya daɗe yana tauna bakinsa, sannan ya ce wanda ya mutu ya mutu, in bar matar ta ɗauka 'yan bindiga ne suka tare shi a hanya, ai ba ita ce ta farko ba. Da ya ga ban tashi ba, sai ya ba ni labarin da kai ka hana ni. Ya ce a bakin wani kogi can kudu kun kama wani tsoho da kuka ɗauka ɗan leƙen asiri ne, ɗayanku ya harbe shi, sai daga baya aka ga tarun kamun kifi ne a buhunsa. Ya ce kai ka jera su, ka sa kowa ya ɗana wa gawar harsashi ɗaya, don kada wani ya kai ƙara. Ya ce dabarar ta yi aiki, ga shi duk kun mutu da mutuncinku. Yana faɗa yana alfahari da kai.

Ashe nan ka samo ta? Ka dawo daga yaƙi da akwatin ƙarfe, da lambar yabo, da harsashi a ƙafa, duk mun gani. Wannan kuwa ka shigo da ita ba wanda ya sani, ka rataya mana a ƙofar masallaci ka ce tsaro ne. Ka taɓa tuna tsohon nan? Lokacin da kake zama shiru bayan la'asar kana kallon bango, mu kuma muna tafiya da sanɗa kada mu taɓa ka, shi kake gani? Me ya sa ba ka kira ni ka gaya mini ba, ko sau ɗaya, ko a ciwon ajalinka da nake juya ka ina goge maka baya? Da ka ce mini, Lawal, abin nan da na kafa ba alheri ba ne, a sauke shi, wallahi da na sauke. Ina jin haushinka, Baba, haushin da ban taɓa ji ba ko ranar da ka fasa mini kafaɗa. Kuma ina kewarka. Da kana nan da na zo na zauna bakin ƙofarka, ko ba za ka ce komai ba.

Ba kuma zan ɗora maka duka ba. Kai ba ka shafe lamba ba. Kai ba ka ji mutum ya ce iyalinsa yake nema ka auna kansa ba.

A nan na ajiye biro na tafi sallar azahar. Yanzu na dawo kan takardar, kuma an gama, na faɗi komai.

Abba na fara kira. Na gaya masa in an yi la'asar zan tafi caji ofis in faɗi sunana da abin da na yi, daga nan in wuce mutuware in gaya musu mutumin nan sunansa Iro, yana da mata, yana da ɗiya. Na ce ba zan ƙara wa kowa ba, ba kuma zan rage wa kowa ba, har shi. Ya zauna kan babur ɗinsa ya riƙe kai. Bai gudu ba.

Sannan na tara Inna da Binta, na tsaya bakin ƙofar ɗakinka na yi sallama. Yau Rakiya ba ta je kasuwa ba, wai jikinta na ba ta yau zai iso. Na faɗa mata tun daga burushi har zuwa gora. Ban ce an yi ba, na ce na yi. Binta ta sulale ta zauna a ƙasa. Inna ta yi ta salati. Rakiya ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni wace rana ce, na ce Talata, ta ƙirga a yatsunta. Ta tambaya ko ya sha ruwa kafin ya cika, na ce a'a. Ta cire 'yan kunnenta ta ajiye a kan tabarma. Ta ɗauko dutsen goge kaushi da ruwa a buta, ta zauna ta dinga dirzar lallen ƙafarta har fata ta saɓule jini ya fito, lallen bai fita ba.

Daga nan ta goya ɗiyarta, ta ƙulle kayanta a zane ɗaya ta fito. Inna ta lalubo gefen zanenta ta riƙe, tana roƙonta ta zauna, tana cewa mai takaba ba ta zama a titi, dole sai da rufi a kanta. Ta ce ta sani, amma ba wannan rufin ba. Ta zame zanenta a hankali ta fita, na bi ta a baya.

Ta tsaya tsakiyar layi, rana tsaka, jini na bin diddigenta. Labari ya riga ya zaga. Ƙofofi a buɗe kaɗan-kaɗan, ana leƙe, ba wanda ya fito. Ta juyo ta dube ni, ba tsawa, ba zagi. Ta ce ita baƙuwa ce, ba ta san unguwar ba, ni na san ta. In nuna mata gida ɗaya da bai sa hannu ba, ta shiga ta yi wa mijinta takaba.

Na dubi gabas, Baba, na dubi yamma. Na bi sahu huɗun nan a zuciyata ƙofa-ƙofa, har gidan liman. Ka tsara abinka da kyau. Ban samu ko ɗaya ba.

Tana nan zaune a ƙasa inda na bar ta, ga kiran la'asar an fara. Sai wata rana, Baba. Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka. Ni dai ban kai ga yafe maka ba tukuna.

Ɗanka na fari,
Lawal tela